Kurma Ma Yana da Haƙƙin Buga Waya

A wannan makon mun ɗauko maganar wayar hannu, wadda kusan kowane gida yake da ita, amma ba kowa take yi wa aiki ba.

Mu ɗauka gobara ta tashi da tsakar dare a gidan da miji da mata duk kurame ne, ko naƙuda ta kama matar. Akwai lambar gaggawa ta 112 wadda ake kira kyauta a Nijeriya, amma kira yana buƙatar baki da kunne. Dole maigidan ya fita ya buga ƙofar maƙwabci, ya yi ta nuni da hannu har a gane abin da yake nufi, sannan a yi masa kiran. Mintocin da aka ɓata a nan suna iya cin rai. Ko babu gaggawa ma, kurma ba ya iya magana da banki ko likita ta waya sai ta bakin wani, wato sirrinsa na kuɗi da na lafiya kullum a hannun mutane yake.

Wannan matsala tana da magani, kuma an daɗe da samo shi. A shekarar 1964 wani kurma masanin kimiyya a Amurka, Robert Weitbrecht, ya ƙera na'urar da ke tura rubutu ta layin tarho. A 1990 ƙasar ta yi dokar kare haƙƙin masu nakasa, wadda ta wajabta wa kamfanonin waya samar da tafinta tsakanin mai ji da marar ji. Kurma zai danna 711, sai wani ma'aikaci ya ɗauka. Shi yana rubutawa, ma'aikacin yana karanta wa wanda aka kira, kuma duk amsar da aka bayar sai ya rubuto masa. Daga baya aka ƙara kiran bidiyo, inda tafinta ke kallon hannun kurma yana fassarawa da baki. Ana aikin dare da rana, kuma doka ta hana tafinta fallasa abin da ya ji. Masu lalurar magana, irin waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa harshensu, su ma suna amfana. A Birtaniya kuwa, tun 2022 kurma yana iya kiran lambar gaggawa ta 999 da yaren hannu ta bidiyo.

To, wa ke biyan albashin tafintocin? Wannan ita ce tambayar da ta sa muka yi rubutun. A Amurka ba a cajin kurma kuɗin tafinta. Kamfanonin waya ne ke zuba wani kaso na cinikinsu a asusu guda, hukumar sadarwar ƙasar tana kula da shi, daga nan ake biya. Mu a ganinmu haka ya dace, domin kurma bai zaɓi rashin ji ba, kuma bai kamata ya biya kira sau biyu ba alhali mai ji yana biya sau ɗaya.

Nijeriya ba ta rasa inda za ta fara ba. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF a ƙarƙashin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, domin kai waya da intanet ga waɗanda ba su samu ba, kuma wani ɓangare na kuɗinsa yana fitowa ne daga harajin da kamfanonin waya ke biyan hukumar duk shekara. A watan Janairun 2019 kuma marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa masu nakasa wariya, aka kafa musu hukuma ta ƙasa. Idan ƙauyen da babu sabis ya cancanci a kafa masa ƙarfen sadarwa da kuɗin asusun, kurman da ke zaune a tsakiyar Kano da cikakken sabis amma ba ya iya kiran asibiti shi ma waya ba ta iso gare shi ba.

Mun san za a ce ai akwai saƙon tes da WhatsApp. Gaskiya ne sun taimaka ƙwarai. Sai dai kurame da yawa a yankinmu ba su samu shiga makaranta ba, karatu da rubutu suna ba su wahala. Yarensu na hannu ne. Shi ma iri biyu ne: akwai wanda ake koyarwa a makarantun kurame irin ta Tudun Maliki a Kano, wanda asalinsa daga Amurka yake, akwai kuma Maganar Hannu da kuramen ƙasar Hausa suka gada tun da daɗewa. Duk cibiyar da za a buɗe sai ta samu tafintocin da suka iya biyun.

Za a kuma ce kamfanoni za su ɗora wa talaka kuɗin, ga shi a farkon 2025 aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data. Wannan tsoro ne mai tushe, shi ya sa muka ce a fara da kuɗin da ke cikin asusun tun kafin a yi zancen sabon caji. Amma mu yi lissafi. Layukan da ke aiki a ƙasar nan sun haura miliyan 150. Da naira ɗaya tak za a cire a kowane layi duk wata, an tara sama da naira miliyan 150. Wane ne a cikinmu zai ji zafin naira ɗaya?

Don haka muna kira ga NCC da Hukumar Masu Nakasa su ware kaso na dindindin domin wannan aiki, su fara da kiran gaggawa, su sa kiran bidiyo zuwa cibiyar ya zama kyauta, kuma su riƙa bayyana abin da aka tara da abin da aka kashe. A zauna da ƙungiyoyin kurame wajen tsarawa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu ɗalibai ma akwai namu. Muna roƙon hukumar makaranta ta ba mu awa ɗaya a mako mu koyi yaren hannu. Wataƙila daga cikinmu ne za a samu tafintan da zai ɗauki wancan kira na tsakar dare.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta