Ido Bai Isa Ya Rarrabe Tarwaɗar Galma Ba

A kasuwar birnin Zazzau, akwai wani kifi mai gashin baki da santsin jiki da ake kamowa daga Galma ko Kubanni, sunansa tarwaɗa. Amma masana sun daɗe da sanin cewa wannan suna ya lulluɓe aƙalla jinsi biyu, wato Clarias gariepinus da Clarias anguillaris, waɗanda kamanninsu ya kai ga sai an ƙirga ƙayoyin da ke cikin matattarar numfashinsu kafin a raba su. Ko wannan ƙidaya ba ta cika yanke hukunci ba, domin adadin yana ƙaruwa da girman kifin, har na ɗayan ya shiga na ɗayan.

Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da za a nemi shaida daga ƙwayoyin halitta. A 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph da ke Kanada ya gabatar da hanyar karanta wani guntun ƙwayar gado mai suna COI, mai haruffa kusan 650, a matsayin tambarin kowane jinsi. Irin wannan shaida ce ta sa a 2013 Dunz da Schliewen suka fitar da karfasar da ake kira Tilapia zillii daga danginta na da, suka mayar da ita Coptodon.

Sai dai wannan tambari ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. Masu kiwon kifi a Najeriya kuwa suna haɗa tarwaɗa da ramboshi don samun iri mai saurin girma. Idan uwar tarwaɗa ce, gwajin COI zai ce ɗanta tarwaɗa ne tsantsa. Ambaliya ɗaya ta isa ta kwashe irin wannan ruwa-biyu daga tafkin kiwo zuwa kogi, ya cakuɗa da na asali ba tare da kowa ya sani ba. Manomin da ya sayi 'ya'yan kifi shi ma bai san abin da ya zuba wa abinci ba.

Saboda haka ya kamata Jami'ar Ahmadu Bello ta kafa ma'ajiyar kifayen Galma da Kubanni, inda kowane samfuri zai zo da abu huɗu: jikinsa da aka adana, gwajin gadon uwa, gwajin gadon iyaye biyu, da sunan da masunci ya kira shi da shi. Sunayen nan, irin su kurungu da ragon ruwa da bargi, ilimi ne na ƙarnoni, kuma da su za a mayar wa masunta sakamakon binciken.