Kirarin Ganga Ba Ya Mai Da Giya Zuma

Ina neman izinin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai in taɓo wani irin kirari da ake yi a ƙasar Sikotlan. Ba sarki ake yi wa shi ba, ba kuma ɗan dambe ba. Giyar wiski ake yi wa, musamman wadda ake ɗebowa daga ganga a ɗura a kwalba ba tare da an sirka ta da ruwa ba.

Ga yadda abin yake. Dokar wiski ta shekarar 2009 ta ce tilas giyar ta yi aƙalla shekara 3 cikin gangar katako a Sikotlan, kuma ƙarfin barasarta kada ya gaza kashi 40 cikin 100. Wadda suka fi ji da ita, ta tsiron sha'ir ce zalla daga masana'anta guda. In ba a sirka ba, ƙarfin nata yakan kai kashi 55 zuwa 60, har ya zarce. Sa'an nan sai a yi ta alfahari da cewa gangar ta taɓa ɗaukar sheri, wato giyar inabin garin Heres ta ƙasar Sifen, wadda ita ma ƙara mata barasa ake yi.

To, sai masu ɗanɗano su zauna, su shinshina, su kurɓa, su ɗauki alƙalami. Wannan ya ce ya ji zabibi da ɓaure. Wancan ya ce kanumfari ne da zuma da ɓawon lemo. Mu da muke nazarin adabin baka mun san wannan sana'a sarai. Aikin maroƙi ke nan: ya ambaci kyautar ubangidansa, ya haɗiye rowarsa.

Me suka haɗiye? Na farko, ita kanta gangar. A da, sheri ake kaiwa Birtaniya cikin ganguna, in an juye sai masu wiski su saye su da araha. Wannan safara ta mutu a shekarun 1980, lokacin da aka koma ɗura sheri a kwalba tun daga Sifen. Akasarin gangunan yanzu sababbi ne, ana jiƙa su da sheri shekara ɗaya ko biyu don masu wiski kawai, kuma abin da aka jiƙa su da shi yakan ƙare a tukunyar yin binega. Ashe tsohon tarihin da ake sayar wa mutum, jiya aka ƙera shi.

Na biyu, kuma mafi muni, ita barasar. Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa giya a sahun farko na abubuwan da ke haddasa wannan cuta. A 2023, shekarar da aka yi gwanjon kwalba ɗaya ta Macallan a Landan kan fiye da fam miliyan 2, mutum 1,277 giya ta kashe a Sikotlan. Gwamnatin ƙasar da kanta ta ƙayyade mafi ƙarancin farashin giya a 2018, don a rage sha. Wane mai ɗanɗano ne ya sa wannan cikin kirarinsa?

Wani zai ce ai masu shan irin wannan masana ne, kaɗan suke kurɓa, ba 'yan kwalta da masu tangaɗi ba. Na ji. Amma hanta ba ta san farashin kwalba ba, ba ta kuma bambanta gangar Heres da tukunyar burkutu. In ma da bambanci, ai wadda ba a sirka ba ta fi ƙarfi. Abin da ilimin nasu ya ƙara shi ne sutura: kura ce aka lulluɓa wa fatar akuya, har saurayi ya ɗauka shan ta alamar wayewa ce.

Addininmu ya riga ya yanke hukunci kan giya, ba ni ne zan ƙara masa ba. Nawa roƙon ga mu masu nazarin harshe ne. An koya mana rarrabe zuga da gaskiya a bakin makaɗi, don haka abin kunya ne kirarin Turanci ya ruɗe mu. Duk wanda ya zo muku da zancen zabibi da zuma, ku tambaye shi kashi nawa ne barasar. Allah ya kiyashe mu.