Motar Iyali Mai Kujera Bakwai: A Ina Arahar Take?

Duk magidancin da ya taɓa shirya tafiyar Sallah daga Legas ko Fatakwal zuwa gida, da mata da 'ya'ya da kaya, ya san cewa mota mai kujera biyar ba ta wadatar da iyalin Nijeriya. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa a ƙiyasce kowace mace a ƙasar nan tana haihuwar 'ya'ya biyar da ɗoriya, a jihohin Arewa maso Yamma kuwa adadin ya haura shida. Saboda haka mota mai ɗaukar mutum bakwai ko takwas bukata ce ta yau da kullum. Ga ɗan kasuwa ma abin ya wuce nan, domin motar da ta kai yara makaranta da safe ita ce za ta ɗauko kwalayen kaya daga Alaba ko Anacha da rana.

Tun tuni ƙasar nan ta taɓa samun amsar wannan bukata. Kamfanin Peugeot na Nijeriya ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a 1975, daidai lokacin da ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata. Daga can ne Fijo 504 doguwa, mai layin kujeru uku, ta bazu ko'ina. Injinta na lita biyu ne mai silinda huɗu, ƙarfinsa bai kai na doki 100 ba, amma ta yi jigilar iyalai da fasinjojin tasha shekara da shekaru. Sirrinta shi ne sauƙi: tana da tsawo daga ƙasa, tana jure gargada, kuma da wuya a sami garin da babu bakaniken da ya san kafiretarta. An daina harhaɗa ta a Kaduna a 2006, shekaru masu yawa bayan Faransa ta bar ƙera ta.

Gurbin da ta bari, motocin tokumbo ne suka cike shi. Volkswagen Sharan, wadda direbobin tasha ke kira Sharon, ta kama hanyoyin Arewa, Toyota Sienna kuma ta zama motar iyali da ta kamfanonin sufuri. Lallai Sienna ta cancanci farin jinin da ta samu. Samfurin 2004 zuwa 2010, wanda ya cika titunan ƙasar nan, yana ɗaukar mutum bakwai ko takwas cikin walwala. Ƙofofinta na baya ja ake yi ta kowane gefe, layin kujeru na uku yana naɗewa ya shige ƙasa, sai bayan motar ya zama fili na zuba kaya. Injinta mai silinda shida ne, na lita 3.3 har zuwa 2006, sa'an nan na lita 3.5 mai ƙarfin doki 266 daga 2007. Kayan gyaranta kuwa suna nan jibge a Ladipo ta Legas, da Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano.

To, amma an ƙera Sienna ne a Amurka domin hanyoyin Amurka da farashin man Amurka, kuma ta yi tashe a nan ne a zamanin da gwamnati ke biyan rarar kuɗin fetur. Ranar 29 ga watan Mayu na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin, a watan Yuni kuma aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Litar da ake sayarwa ƙasa da N200 ta haura N1,000 kafin ƙarshen 2024, Dalar da take wajen N460 a farashin gwamnati ta wuce N1,500. Abu biyu suka auku a lokaci guda: kuɗin sayen tokumbo da kuɗin fitonta sun yi tashin gwauron zabo, kuɗin ciyar da ita ma haka. Wannan ne ya sa ya wajaba mai saye ya sake lissafi tun daga tushe.

Akwai wani rukunin motoci da aka ƙera domin ƙasashe masu hali irin na Nijeriya, wato ƙananan motoci masu kujera bakwai na Indiya da Indunusiya, irin su Toyota Avanza da Suzuki Ertiga. Ita Ertiga ta fito a 2012, aka sabunta ta a 2018. Injinta na lita 1.5 ne mai silinda huɗu da ƙarfin doki kimanin 103, wato ya ɗan ɗara na tsohuwar Fijo. Tsawonta bai kai mita huɗu da rabi ba, tankinta lita 45, tsakanin cikinta da ƙasa kuma wajen santimita 18. Ana samunta da giyar hannu ko mai canza kanta. Tana da birki mai hana taya cijewa, da jakar iska ga direba da na kusa da shi, wasu samfuran kuma suna da mafitar sanyi a rufi domin na baya. Kujerun tsakiya suna matsawa gaba da baya, na ƙarshe suna kwanciya.

Bambancin yana fitowa ne a gidan mai. Tsohuwar Sienna mai lafiya takan sha wajen lita 12 a kilomita 100, Ertiga kuwa ba ta cika wuce lita bakwai ba. Idan an ɗauka mutum yana tafiyar kilomita 20,000 a shekara, ratar ta kai lita 1,000. Idan kuma an ƙaddara lita a kan N1,000, to Naira miliyan guda ke nan kowace shekara, ban da baƙin mai da filogi da taya, waɗanda duk sun fi yawa ko girma a babbar mota. A tafiya ɗaya tak daga Legas zuwa Kano, mai nisan kusan kilomita 1,000, ratar ta kai lita 50. Ɗan kasuwar da ke auna ribarsa a kan kowane kwali bai kamata ya kau da kai daga wannan ba.

Sai dai kuma araha ba ta ado. Ƙaramar mota tana da nata cikas, kuma wajibi ne a faɗe shi. Idan mutum bakwai suka zauna a Ertiga, abin da ya rage na wurin kaya bai wuce na 'yan jakunkuna ba, layin ƙarshe kuma ya fi dacewa da yara. Da cikakken lodi da na'urar sanyi a kunne, injin lita 1.5 yana bukatar haƙuri wajen hawan tudu ko wuce tirela, abin da Sienna ke yi ba tare da wani nishi ba. Babban abin dubawa shi ne kariya. A 2024 ƙungiyar Global NCAP, mai gwajin karon motoci, ta gwada samfurin Ertiga da ake sayarwa a Afirka ta Kudu, ta ba shi tauraro ɗaya cikin biyar wajen kare manya. A 2025 aka mayar da jakunkunan iska shida tilas a wanda ake sayarwa a Indiya. Ke nan suna ɗaya ne, kayan ciki daban, kuma haƙƙin mai saye ne ya tambayi dillali wane samfuri ne aka kawo masa.

Ita ma Sienna ba a rasa abin tsoro a tattare da ita. Wadda aka ƙera a 2010 ta riga ta ba shekara 15 baya. Da yawa daga motocin da ake shigowa da su daga Amurka an saye su ne a gwanjon kamfanonin inshora bayan hatsari ko ambaliya, aka gyara su kafin su isa filin dillalai. Mota mai jakunkunan iska da suka riga suka fashe, aka ɗinke murfinsu, ba ta da wata kariya komai girmanta. Binciken lambar shasi a intanet kafin biyan kuɗi yana tona tarihin yawancin irin waɗannan motoci, kuma abin da ake kashewa a kansa bai kai kuɗin taya ɗaya ba. Haka nan injin lita 3.3 da bel yake aiki, wanda dole a canza shi a kan lokaci, na lita 3.5 kuwa da sarƙa.

Hukunci dai ya danganta ga aikin da motar za ta yi. Wanda sana'arsa ta doguwar hanya ce da lodi mai nauyi, Sienna mai tarihi mai kyau ta fi masa, musamman idan aka mayar da ita mai amfani da iskar gas ta CNG a cibiyar da hukuma ta amince da ita, ko da yake tukunyar gas za ta cinye wani sashe na wurin kaya. Amma ga magidancin da yawancin zirga-zirgarsa ta cikin gari ce, makaranta da kasuwa da asibiti, ƙaramar mai kujera bakwai ita ce mai araha ta gaskiya, ko da kuɗin sayenta ya fi yawa a ranar farko.

A nan ne kuma aikin hukuma yake. Abin da ke tura jama'a ga tsohuwar mota shi ne dole a biya sabuwa lakadan, alhali kuɗin ruwan Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Manufar bunƙasa ƙera motoci ta 2013 ta ɗora haraji mai nauyi a kan na waje, a watan Janairu na 2017 kuma aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, amma duk wannan bai samar wa malamin makaranta ko mai shago motar da zai iya saya ba. Masana'antu suna nan: Innoson a Nnewi, da kamfanin Dangote Peugeot da ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 2022. Ya kamata hukumar ba da lamuni ga masu saye, wadda aka kafa a 2024, ta haɗa kai da su a kan mota guda mai kujera bakwai, mai ƙaramin inji, mai shan fetur da gas, wadda za a biya cikin shekara huɗu ko biyar. A gindaya sharaɗin cewa ba za a rage ko ɗaya daga kayan kariyar da ake sa wa irinta a ƙasashen waje ba, kuma a wadata kasuwannin kayan gyara da sassanta tun kafin ta fita titi.

Ga shi kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha nanata cewa lodi fiye da kima da gudun wuce sa'a suna cikin manyan musabbaban mutuwa a hanya. Motar da aka yi wa kujera bakwai, mutum bakwai za ta ɗauka, kowa da bel ɗinsa a ɗaure.