Rushe Majalisa Kafin Wa'adi Caca Ce Da Amanar Jama'a

Akwai wani wasa da samari ke yi a intanet, inda sukan kafa jam'iyyun ƙarya da majalisar ƙarya. Da zarar firayim ministansu ya ga iska na kaɗawa wajensa, sai ya rushe majalisa ya kira zaɓe. In ya faɗi, dariya za a yi a sake lale. Abin takaici, akwai shugabannin ƙasashe na gaske da suka ɗauki wannan ɗabi'a, alhali su dukiyar talakawa da zaman lafiyarsu suke zubawa a faifai.

A dubi Ingila. A 1974 Edward Heath ya kira zaɓe ana tsakiyar yajin aikin masu haƙar kwal, don jama'a su faɗi wanda ke mulkin ƙasa. Suka ba shi amsa, Harold Wilson ya hau. A 2017 Theresa May tana da kujeru 330, wa'adinta sai 2020, amma ta ga abokan hamayya sun yi rauni, ta kira zaɓen 8 ga Yuni. Ta tashi da 317, rinjaye ya kuɓuce, sai da ta yi alkawarin fam biliyan ɗaya ga Ireland ta Arewa kafin jam'iyyar DUP ta tallafe ta. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Faransa ma haka. A 1997 Jacques Chirac ya rushe majalisar da magoya bayansa suka mamaye, saura shekara guda wa'adinta ya cika. Sakamakonsa, shekara biyar ya yi yana raba mulki da abokin hamayyarsa Lionel Jospin. A 2024 Emmanuel Macron ya maimaita, aka sami majalisar da babu mai rinjaye a cikinta, gwamnatin Michel Barnier ta faɗi cikin wata uku.

Masu kare wannan hali za su ce ai Boris Johnson ya kira zaɓe a 2019 ya ci kujeru 365. Gaskiya ne, amma shi majalisa ce ta cije, ba shi da rinjaye, aiki ya tsaya cik. Inda gwamnati ta kasa motsi, komawa ga masu ƙuri'a wajibi ne. Wanda yake da rinjaye a hannu ya watsar don kwaɗayin ƙari, shi ne ɗan caca. Ko da ya ci ma laifinsa na nan, domin ya zaɓi ranar gwaji da kansa, ya shammaci abokan takara.

'Yan'uwa mazauna Sabon Ibadan da Agege sun san abin da ranar zaɓe take ci: kasuwa a rufe, mota ba ta tashi, ɗan kasuwa ya kwana da hasara. Jama'a sukan jure wannan don su ba da amana ta shekarun da aka ƙayyade.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya yanke wa majalisa shekara huɗu, bai kuwa ba shugaban ƙasa ikon rushe ta ba. Wannan katanga ce da ya kamata a tsare. Duk wanda ya zo da daɗin baki yana neman a bar mai mulki ya zaɓi ranar zaɓensa, a karanta masa labarin Chirac da Theresa May. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.