Mu San Duniya: Tsuntsayen da suka saura cikin takarda

A Ajekoriya kowa ya san shamuwa. In ta sauka bisa iccen gari, manomi ya san damana ta yi kusa, sai ya fiddo iri. Amma mutanen Turai na da, ba su san tsuntsayen ƙasar nan ba sai cikin littafi. Zamanin nan babu na'urar ɗaukar hoto. To, yaya suka yi?

Matafiya su ke kai masu fatun tsuntsaye busassu. Mai zane ya dubi fatar, ya zana tsuntsun. Wani gwani ya ɗauki ƙarfe mai tsini ya sassaƙa zanen bisa faranti na ƙarfe, kamar yadda mai zanen ƙwarya ke yi. A shafa tawada, a danna takarda, tsuntsu ya fito baƙi da fari. Daga nan sai a miƙa ma masu sa launi. Takarda ɗaya ɗaya su ke bi da hannu, ja inda ja, shuɗi inda shuɗi. Aiki ne na haƙuri, shi ya sa littafin ke da tsada.

Haka aka yi littafin wani Bature, Swainson, a 1837, bisa tsuntsayen Afirka ta Yamma. Shi kansa bai zo nan ba, fatu ya duba.

Mafi girma shi ne na Audubon, bisa tsuntsayen Amurka. An buga shi daga 1827 zuwa 1838, da zane 435. Cikinsa akwai wata kurciya mai tashi garke garke har ta rufe rana, kamar jan baki bisa gonar hatsi. Mutane suka ce ba ta ƙarewa. Suka yi ta harbi, suna sare dajinta. Ta ƙarshe ta mutu cikin keji a 1914. Yau sai dai a buɗe littafi a dube ta.

Makiyayan ƙasar Dakoro ba su buƙatar a yi masu bayani. Tsofaffi sun ga jimina tana gudu a dajin Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955.  Wasu ana kiwonsu cikin shinge, kamar a Kelle ta ƙasar Gure. Tuje ma ya yi wuyar gani, mafarauta masu mota sun matsa masa, kuma ƙwai ɗaya ko biyu kawai ya ke yi.