Faɗuwar Kano Pillars da Tashinta

A hutun da ya wuce, a wata majalisa a Tambuwal, na tarar da samari suna gardama a kan Arsenal da Chelsea. Da na ambaci Kano Pillars, sai wani baƙo daga Kebbe ya ce, "Malam, ai wannan ta mutu." Ba ta mutu ba, jinya ta yi.

Ƙungiyar nan da aka kafa a 1990 ta ci gasar lig ta ƙasa a 2008, sa'an nan a 2012 da 2013 da 2014 a jere. A 2009 kuwa har Al Ahly ta Masar ta fitar daga gasar zakarun Afirka. Amma a 2022 sai ga ta a rukuni na biyu.

Wasu sun ɗora wa 'yan wasa laifi. A ganina, babban kaso na magoya baya ne. Ranar da suka farfasa motar Katsina United a Kano, ranar suka kori ƙungiyarsu da hannunsu, domin hukuma ta mai da wasanninta Abuja. To, masu gida in sun rasa gida, me ya rage musu?

Shekara guda tak ta yi, ta komo rukunin farko a 2023, kyaftin Rabi'u Ali kuwa bai gudu ya bar ta ba lokacin da ta faɗi. Wannan ya fi burge ni bisa ga kofunan.

Da na tambayi samarin nan sunan ɗan wasa ɗaya na Sokoto United, sai majalisa ta yi tsit.