"Fastest" a Cikin Su Wa? Superlative da Wayon Masu Tallar Waya

Duk wanda ya taɓa zama kallon bikin ƙaddamar da sabuwar waya a YouTube ya san yadda abin ke tafiya. Wani ya hau dandamali, allo ya haskaka a bayansa, sai kalmomi su fara zuba: fastest, thinnest, brightest, most powerful, best. Kafin wata ya zagayo sun iso jikin kwali a kasuwar Farm Centre da ke Kano, mai shago yana nuna wa mai saye su da yatsa. A nahawun Turanci irin waɗannan kalmomi sunansu superlative, kuma mai shirin zuba kuɗin da ya daɗe yana tarawa a waya ya kamata ya san aikinsu.

Sifa a Turanci hawa uku gare ta. Akwai ta farko, wadda ba ta gwada komai da komai, kamar fast. Akwai comparative, mai gwada abu biyu, wato faster. Sai superlative, fastest, mai ɗora abu ɗaya a saman sauran 'yan rukuninsa duka. Gajerun kalmomi ɗafa-ƙeyar -est ake liƙa musu, dogaye kuma a sa musu most a gaba, shi ya sa ake cewa most expensive. Wasu 'yan kaɗan ba sa bin doka: good, better, best da bad, worse, worst. Ita kanta kalmar daga Latin ta fito, ma'anar tushenta abin da aka ɗaga sama da saura. Wannan duk darasin ƙaramar sakandare ne.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba a aji shi ne kalmar tana da ma'ana ta biyu. Bature zai ce wani mawaƙi ya yi superlative performance, yana nufin ya yi bajinta ƙwarai. Bai gwada shi da kowa ba, yabo ne kawai. To a tsakanin waɗannan ma'anoni biyu masu talla suke cin kasuwarsu. Suna amfani da sigar farko, mai kama da sakamakon awo, don mai saye ya ɗauka an auna. In aka riƙe su a kan ina awon yake, sai su koma inuwar ta biyu, su ce ai kirari ne.

Hausa ta fi Turanci rashin ba da wannan kafa. Da aikatau "fi" take yin gwaji, shi kuwa "fi" ba ya son tsayawa shi kaɗai. Mutum ya ce "wannan wayar ta fi", nan take a tambaye shi, ta fi wacce, kuma ta fi ta a me? Gaskiya ne "mafi sauri" ma kan iya ɓoye abokin gwaji, amma kunnen Bahaushe ya saba jiran cikon zancen. Fastest kuwa tana zaune daram a jikin kwali ita kaɗai, babu mai tuhumarta.

Masu rubuta manhaja sun san wannan matsala ta wata fuska. A yaren Python akwai umarnin max, mai zaƙulo mafi girma. Dole a miƙa masa jerin abubuwa. In aka ba shi jerin da babu komai a ciki, ƙin aiki yake yi, ya jefo ValueError. A SQL kuma, neman MAX a teburin da babu ko layi ɗaya NULL yake dawo da shi, wato babu amsa. Sannan in jerin na wayoyi ne, sai an faɗa wa kwamfuta da me za ta auna, batir ko farashi ko nauyi. Kwamfuta ba ta karɓar "mafi" sai da jeri da ma'auni. Ɗan Adam ne kaɗai ake sayar wa superlative babu ko ɗaya daga cikinsu, ya biya, har ya yi godiya.

A duba salon da Apple ya shahara da shi, na kiran sabuwar wayarsa iPhone mafi ƙarfi da aka taɓa yi. Maganar ba ƙarya ba ce, akwai ma jeri a cikinta. Sai dai jerin 'yan gida ɗaya ne, iPhone da yayyenta. Babu Samsung a ciki, babu Pixel. Kuma wane kamfani ne zai fitar da babbar wayar bana ta kasa ta bara? Mai sauraro dai abin da ya shiga kunnensa shi ne most powerful, guntun da ya taƙaita maganar ya wuce shi. Duk da haka wannan ya fi best zalla mutunci, domin ana iya auna sauri da daɗewar batir, amma best ba ta da sikeli. Wayar da ta fi wa mai ɗaukar bidiyo ba ita ce ta fi wa wanda ke kwana biyu babu wuta ba.

Wani lokaci ana kama su. A shekarar 2003 hukumar da ke sa ido kan tashoshin talabijin masu zaman kansu a Birtaniya ta hana nuna tallar Power Mac G5, wadda Apple ya kira kwamfutar kai mafi sauri a duniya, saboda hujjar ba ta kai girman iƙirarin ba. Abin lura shi ne fastest ce ta jawo hukuncin, kalmar da ake iya gwadawa. Da kirari mara ma'auni suka yi, da wuya a samu abin kamawa.

Inda abin ya fi ban dariya shi ne sunayen kaya. Max gajarta ce ta maximum, ita ma superlative ce a Latin, ma'anarta mafi girma, wanda babu na sama da shi. A Oktoban 2021 Apple ya fitar da ƙwaƙwalwar kwamfuta mai suna M1 Max. A watan Maris na 2022 sai ga M1 Ultra, wadda M1 Max guda biyu ce aka haɗe wuri ɗaya. Ashe akwai sama da ƙololuwa. A fannin allo ma haka: Full HD, wato 1920 sau 1080, sunanta na nufin ta cika, sai Ultra HD mai 3840 sau 2160 ta zo ta ninka yawan ɗigonta sau huɗu.

USB kuwa ta fi kowa shiga wannan rami. Tun farkonta, a 1996, gudun megabit 12 a daƙiƙa aka raɗa wa suna Full Speed. A 2000 USB 2.0 ta zo da megabit 480, ninki arba'in, ga shi an riga an kashe kalmar full, sai aka kira ta High Speed. A 2008 USB 3.0 ta kawo gigabit 5, aka ce SuperSpeed. A 2013 aka kai gigabit 10, kalmomi suka ƙare, aka ƙara alamar tarawa kawai: SuperSpeed+. Sakamakon shi ne mai ɗan Turanci da ya ga Full Speed a takardar wata na'ura zai zaci ya samu ƙarshen gudu, alhali yana kusa da mafi jinkiri ne. Turancin nasa daidai yake, sunan ne ya tsufa ya bar shi.

Kamfanoni ba za su daina wannan ba, kasuwa ce. Waɗanda laifin ya fi hawa kansu su ne masu sharhin wayoyi da Hausa a TikTok da Facebook, da ke ɗauko fastest daga takardar kamfani su mayar da ita "babu kamarta a duniya". Sun ƙara wa kalmar abin da ko kamfanin bai yarda ya rubuta ba, domin shi yakan ɓoye sharaɗinsa a ƙananan rubutu can ƙasan shafi: an gwada da wace waya, a wane wata, da wace manhaja. Mai sharhin da ya tsallake wannan layi ya zubar da rabin jimlar, kuma rabin da ke kare aljihun mai saye ne.

Ƙungiyar da ke kula da ƙa'idojin USB dai ta gaji da nata kirarin. A 2022 ta sanar da ajiye sunan SuperSpeed a tambarin kaya, ta koma rubuta lamba tsirara a jikin kwali da kebul: 5Gbps, 10Gbps, 20Gbps, 40Gbps.